Sifilin da Ya Sha Kan Alkasum

Ranar da Bintu ta fara shiga ɗakin nan na unguwar Zengu, inda samari ke haɗa tsarin da ke tafiyar da ƙananan na'urorin lakwal, wato makarantun ƙauyuka, ta tarar da wani ya manna fuska a jikin gilashin na'ura yana bin rubutu da ɗan yatsa.

"Malam, shiga ciki za ka yi?"

Ya ɗago. Alkasum ke nan. Ya ce ƙirga yake yi, ta zo ta gani in ba ta da gaggawa.

Ya nuna mata. Ƙwaƙwalwar na'ura a yanke take shafi-shafi, kowane shafi da 'yan tutocinsa, ko a ɗage ko a sauke: wannan a kulle yake, wannan an taɓa shi, wannan kada a share. Amma magabata sun rubuta kowace tuta da doguwar lamba, irin 0x00040000, sai mutum ya ƙirga sifili kafin ya san wace ce wace. Bintu ta ce wanda ya rubuta wannan ba ya son mutane. Ya yi dariya, ya ja mata kujera.

Daga nan ta zama "Bintuna", shi kuma "Malam mai ƙirga". Kullum bayan la'asar sai ya raka ta har bakin Birni.

Abin da bai faɗa mata ba, ganinsa ne ke tafiya. Gefe ya fara ɗaukewa, sannan tsakiya ta yi hazo. Likita ya ce ba zai dawo ba. Alkasum ya yi shiru da maganar, ya ci gaba da aiki, kuma wannan ba dabara ba ce. Rannan ya tsallake sifili ɗaya, tutar "kada a share" ta hau kan wata, na'urorin wani ƙauye kusa da Tirmini suka goge aikin yara. Maganar idon ta fito fili, aka karɓe aikin daga hannunsa aka ba Mahamud, wanda dama ya daɗe yana aika wa gidan su Bintu gaisuwa.

Malam Bukar, mahaifinta, ya kira ta. Kada kowa ya zarge shi, uba ne. Ya ce ba makantar ce ta dame shi ba, Allah ne ke yi. Amma sana'ar yaron nan ido ce, in idon ya tafi da me zai riƙe gida? Bintu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

Maganar ta kai kunnen Alkasum, washegari saƙonsa ya shigo wayarta.

"Bintuna, Baba ya yi gaskiya. Jiya kin wuce ta gabana a moto, sai ƙanena ne ya gaya min ke ce. Ki yafe min. Kada ki jira ni."

Ta karanta, ta ajiye wayar.

Alkasum ya koma gida ya zauna. An sa masa murya a na'ura mai karanta rubutu, amma duk lokacin da ta iso kan tutocin sai ta shiga "zero, zero, zero" har kansa ya juye, ya rufe. Sai kuma labari ya riƙa zuwa cewa Bintu na wuni a teburin Mahamud. Ya daina fita ko zaure, tuwo ma sai mahaifiyarsa ta tsaya a kansa.

Gaskiya ne tana wuni a can, amma musu suke yi. Ta zauna ta sake rubuta tutocin kaf, kowace da sunanta da matsayinta a fili, ba sifili ko ɗaya. Mahamud ya ƙi karɓa. Ya ce gyaran bai canza komai ba, na'ura abu ɗaya take gani, kuma taɓa abin da ke aiki neman fitina ne. Ta ce na'ura ba ta taɓa kuka da rubutun ba, mutane ne ke karanta shi. Ya dube ta ya tambaya ko don Alkasum take wannan wahala. Ta ce don shi ne, kuma gobe don duk wanda idonsa ya gaji. Mahamud ya jawo na'urar. Ba mugun yaro ba ne. Ya gwada, ya ga lissafi bai motsa ba, ya karɓa, kuma daga ranar ya daina aika gaisuwa.

Sai ta rubuta wa Alkasum.

"Malam mai ƙirga, buɗe na'urarka ka saurara. Na kwashe maka sifilin. Ni ban yarda da sallamar nan taka ba."

Ya buɗe. Muryar ta ce: shafi a kulle, tuta ta ɗaya. Shafin da aka taɓa, tuta ta biyu. Ya saurara har ƙarshe, ya sake daga farko. Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi a gaban likita ba.

Da ya koma aiki ya kafu, Bintu ta roƙi mahaifinta ya je ya gani da idonsa. Malam Bukar ya zauna a gefe, Alkasum na saurare yana bugawa, ido a rufe. Da suka fito ya ce bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya san hannun mai sana'a in ya gan shi. A turo manya.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Idon bai dawo ba. Da aka kai amarya, ya riƙe hannunta ya tambaye ta yadda lallen ya fito. Ta bi masa zanen da yatsansa, daga wuyan hannu har farce.

"Fuskarki da na riƙe ta ranar farko ce," ya ce, "kina min dariya."

Ta share ido da bakin mayafi. "To riƙe ta da kyau, Malam. Ita ba za ta tsufa ba."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya haskaka masa abin da ya rage na hanya.