Hoton Motar Kafin Hausa

A unguwar Takur da ke Dutse akwai wata yarinya 'yar aji shida. In ta dawo daga makaranta, Ummanta kan ba ta wayarta don ta duba aikin gida.

Sannu a hankali yarinyar ta gano shafukan labarai. Duk wanda ta gani sai ta shiga cikin masu bin sa. Kafin wata guda ta tara sun fi ashirin. Wayar ba ta hutawa da ƙara.

"Wai ƙarar mece ce wannan?" in ji Umma.

"Labarai ne, Umma. Ni nake fara jin komai a ajinmu."

Wata Juma'a a tsakiyar bazara, yayanta Izzuddeen zai zo gida daga jami'a a Kafin Hausa. Bayan azahar sai wani shafi ya turo hoton bas ta kife a gefen titi. A ƙasa an rubuta: "Yanzu-yanzu a hanyar Kafin Hausa. Ɗalibai da yawa sun rasu."

Nan take yarinyar ta tuna da yayanta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta tura hoton zauren danginsu na waya, ta ƙara da cewa, "Yaya Izzuddeen yana hanya!"

Umma ta kira lambarsa sau uku, a kashe. Ta zauna a ƙasa tana ta salati. Kakarsu Inna mai hawan jini ce. Da ta ji dalilin kukan, jiri ya ɗebe ta. Aka garzaya da ita asibiti. Baffansu kuwa ya rufe shagonsa, ya hau babur ya bi hanyar Kafin Hausa.

Ana kiran la'asar sai ga Izzuddeen ya yi sallama, jaka a kafaɗa. Umma ta rungume shi tana hawaye.

"Lafiya ƙalau muka zo," in ji shi. "Cajin wayata ne ya ƙare."

Ya karɓi wayar Umma, ya duba hoton, ya kira ƙanwarsa.

"Dubi ciyawar nan kore shar. Yaushe rabon mu da ruwa?"

"Wata shida," ta ce.

"To kin gani. Tsohon hoto ne. Sun sa shi ne don jama'a su yi ta shiga shafinsu."

Da yamma Abba ya kai yarinyar asibiti. Ta ga Inna kwance ana ƙara mata ruwa. Ta durƙusa a gaban gadon.

"Inna, ki yafe mini. Ni na jawo."

Inna ta dafa kanta. "Na yafe miki, jikata. Amma magana zarar bunu ce. In ta fita, ba ta komawa."

Yarinyar ta rubuta wa dangi cewa labarin ƙarya ne. Ta je ta ba Baffa haƙuri. Sannan Izzuddeen ya taya ta fita daga shafukan nan. Biyu kawai suka bari, na wani gidan rediyo da na darasin lissafi.

Washegari aka sallamo Inna, gida ya cika da murna.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa yawan labari ba shi ne sani ba. Kafin ka yaɗa abin da ka ji, ka tabbatar gaskiya ne.