Ƙanzo da Hanyar Calus

Ƙanzon shinkafa ne ya so ya kashe auren Golnar. Ran da saurayinta Siyamak ya fara cin abinci a gidansu a garin Karaj, mahaifinta Haj Nosrat ya tura masa gutsuren ƙarshe, yaron ya miƙa hannu tun a tayin farko ya cinye. Kowa kuwa ya sani a ƙasarsu ba a karɓar tayi sai an ƙi, an sake, an haɗa da rantsuwa.

"Wanda ba shi da kara a kan faranti, a kan 'yata zai yi?" in ji tsohon. "Ban ba shi ba!"

Golnar ta sha kuka har ta rame. Uwarta Tuba ce ta lallaɓa mijin ya yarda a fita da yaron kallon ganye a duwatsun hanyar garin Calus, tunda itatuwa sun rine, ko Allah zai sa ya sake duba shi.

A bakin ƙofa Golnar ta ja Siyamak gefe.

"Don Allah, ko ruwa Baba ya ba ka, ka ce ka ƙoshi."

"Ko numfashi ne, sai ya rantse zan shaƙa," ya ce.

Suka hau dutse da mota, Haj Nosrat na tuƙi. Dama da hagu daji ya koma ja da rawaya kamar an cinna masa wuta. Da suka doshi dogon ramin da mota ke ratsawa ta cikin dutse, tsohon ya murza ido ya ce a hankali, "Yaro, ko za ka karɓi tuƙin?"

"Haba Haj Agha! Ni wa? Ai hannunka ya fi nawa albarka," in ji Siyamak, yana kiransa da laƙabin girmamawa.

Tsohon ya ci gaba da tuƙi. Tuba ta dafe ƙirji a baya. Ita kaɗai ta san yanar ido ta fara rufe masa gani, ya kuma hana ta faɗa. Da gaske ya roƙa, girman kai ya hana shi maimaitawa.

Suna fita ramin, hazo ya taso daga wajen teku ya haɗiye hanyar. Ba itace, ba sama. Jiƙaƙƙen ganye ya lulluɓe kwalta, tayoyi na santsi. A dama kuwa kwazazzabo ne wanda ba a ganin ƙarshensa, sai rurin kogi daga can ƙasa.

"Baba, ka rage gudu..." in ji Golnar.

"Ni za ki koya wa wannan hanya? Tun ba a haife ki ba nake bin ta!"

Siyamak ya dube shi. Tsohon ya manna fuska da gilashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa duk da sanyin nan. Kwana ta taho, sitiyari bai motsa ba. Fitilun wata babbar mota suka ɓullo, ƙahonta ya cika dutsen. Tuba ta ƙwala salati.

Siyamak ya cafki sitiyari ya ja birkin hannu. Motar ta zame, ta juya, ta daki ƙarfen gefen hanya ta tsaya. Duwatsu suka gangara ƙasa, ba wanda ya ji saukarsu.

"Sauka, Haj Agha!" Siyamak ya daka tsawa.

"Ni kake wa tsawa a motata?"

"Kai fa! Ba ka gani. Ka hana ni 'yarka in ka so, amma ba za ka kai ta kogin nan ina zaune ba. Sauka!"

Golnar ta fashe da kuka. Ta san aure ya ƙare.

"Nosrat, ka sauka," in ji Tuba. "Na gaji da ɓoye maka."

Ya sauka yana laluben jikin mota, Siyamak ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi. Haka yaron ya gangaro da su a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ba mai tari. Sai can ƙasa hazo ya yaye, dajin ya sake bayyana da jansa da rawayarsa. Ba wanda ya kalla.

A gindin wata itaciya Tuba ta shimfiɗa darduma, ta zuba shayi, ta buɗe tukunyar shinkafa.  Daga nan Haj Nosrat ya ɓalli ƙanzo ya miƙa wa Siyamak.

Siyamak ya saci kallon Golnar. "Na ƙoshi, Haj Agha."

"Kai, ɗan nema! Kararka ta kusa kashe mu yau. Karɓi, surukina, sau ɗaya zan faɗa."

Ya karɓa. Kafin ganyen ya gama zuba aka sa ranar biki, aka kuma kai tsohon wurin likitan ido, yana mita har ƙofa.

Ku 'yan mata, ku ji da kyau. Kara ado ce a bakin faranti, amma in rai ya shiga haɗari ba ta da amfani. Namijin da zai iya ɓata wa ubanki rai don ya mayar da ke gida da ranki, ki yi haƙuri ki jira shi. Ku kuma tsofaffi, in kuna bukatar taimako ku buɗe baki ku faɗa, ba mutuwa ba ce.