Kujerar Da Ta Sauke Fushin Baba

"Talla?!" Baba ya dire kofin shayi har ya fantsama. "Duk kwasa-kwasan da ke jami'a ki rasa abin zaɓa sai talla?"

Aku ta sunkuyar da kai. Tun tana ƙarama aka laƙaba mata sunan saboda surutu, amma yau a hankali ta yi magana.

"Baba, ilimi ne fa... yadda ake gane abin da mai saye yake so..."

"Likitanci na ce! 'Yar goggonki ta faɗa min komai, kafintan nan na bakin tasha ne ya hure miki kunne. Gobe zan je in taka masa birki, ke kuma ki canza kwas."

'Yar goggo na gefe tana gyaran farce kamar ba ita ba. Ta daɗe tana shawagi a ƙofar shagon Kafinta, ko kallo bai taɓa yi mata ba. Ta manta hassada ga mai rabo taki ce.

Aku ta tsorata ƙwarai. Karatun da take so da mutumin da take so, Baba zai raba ta da su a rana ɗaya.

Washegari ta faɗa shagon kamar an jefo ta.

"Kafintana, yage ledojin nan!"

Kafinta gwani ne, amma yana naɗe kujerunsa da leda kamar jarirai, ba ya barin kowa ya zauna. Mutane su leƙo, su yaba, su wuce.

"Haba rabin raina, za su yi datti fa!"

"Su yi! Ka taɓa ganin wanda ya sayi takalmi bai gwada ba? Ba ido ke sayen kujera ba, baya ne!"

"Baba na zuwa ya raba mu, ke kina ta kujera?"

"Ka yarda da ni?"

"Har abada."

"To ɗauko waccan mai tudu a ƙugu."

Suka yage ledojin, suka jera kujeru a inuwar ƙofar shago, suna fuskantar masu jiran mota. Aku ta laɓe bayan katakai.

Sai ga Baba ya taho, fuska a murtuke, hannu dafe da bayan da ya daɗe yana damunsa. Kafinta ya durƙusa yana gaisuwa. Baba bai amsa ba, ya zauna a kujera mafi kusa don ya ji daɗin faɗa.

"Kai ne kake..."

Ya saki bayan da ya dafe. Ya gyara zama. Ya jingina.

"Kai ne... wa ya yi kujerar nan?"

"Ni ne, Baba."

Wata mata mai jiran mota ta matso. "Malam, ɗan tashi in gwada wannan mana."

"An riga ki, baiwar Allah," Baba ya faɗa da sauri.

Ta zauna a ta gefe, nan take ta hau ciniki da Kafinta. Baba ya bi su da ido.

"Kullum ta nan nake wucewa, ban taɓa sanin kana da wannan ba. Dabarar wa ce?"

Dariya ta kuɓuce wa Aku.

"Fito, sarkin surutu!"

Ta fito ta tsuguna.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba a koya min ba tukuna, Baba... shi ya sa nake son in je."

Baba ya kalle ta, sai ya fashe da dariya.

"Wato ni kika fara yi wa tallan! Je ki karanta abinki, Allah ya yi albarka. Kai kuma ka turo min manyanka, amma biki sai ta gama."

Aku ta daka tsalle har gyalenta ya zame.

"Baba na gode! Wallahi ba zan ba ka kunya ba!"

Baba ya lumshe ido a kujerar, ba shi da niyyar tashi.

Kafinta ya yi ƙasa da murya. "Tauraruwata, ni kuma yaushe kika yi min nawa tallan?"

Ta rufe baki tana dariya.

"Kai? Ai kai ko tayi ba ka yi ba, ka saya."