Aljihun Da Ke Kallon Baya

Biron ya sake suɓucewa daga hannunsa, karo na uku, ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin taga ya faɗo kan cinyata.

"Malam, sa hannu na ce ka yi, ba jifa ba."

"Yi haƙuri... yatsun ne ba su iso ba tukuna. Ni na riga su zuwa."

Na so in ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mini.

Wata biyu ke nan yana zuwa tagata kullum ƙarfe bakwai na safe, ɗauke da akwatin kwalaben jini da yake kwasowa a babur daga ƙananan asibitoci uku. Ni kuma aikina in karɓa, in duba sunaye, in miƙa ciki ɗakin gwaji. Ban taɓa lura da komai nasa ba sai hular kwano da akwatin. Ranar ce na ga hannunsa. Yatsun sun ƙage kamar har yanzu suna riƙe da kan babur, fatar duk ta tsattsage saboda sanyi.

Na tura masa kofin shayina.

"Ba sha za ka yi ba. Riƙewa kawai."

Ya rungume kofin da hannu biyu, ya lumshe ido.

"In na saba fa?"

"Sai ka riƙa zuwa da naka."

Washegari ya zo da nasa kofin. Babu komai a ciki.

Daga nan na raɗa masa suna Ƙanƙara, shi kuma ya ce ni ce 'Yar Taga. Ba a yi wata guda ba ya yar da 'Yar ɗin, ya koma cewa Tagata, ni kuwa na yi kamar ban ji bambancin ba alhali zuciyata har tsalle take yi.

"Wai kai ba ka san ana sayar da safar hannu ba ne?" na tambaye shi wata safiya.

"Na kasuwa kauri ne da su, ba na jin birki a hannuna. Marasa kaurin kuma ado ne kawai."

"Kawo hannunka."

Na sa ya shimfiɗa shi a bayan wata tsohuwar takarda, na zagaye yatsun da biro ɗaya bayan ɗaya.

Kwana tara na yi ina saƙa masa safar hannu, da zaren ulu shuɗi mai duhu. Na matse saƙar sosai don ta kama hannu cif, a tunanina hakan shi ne ɗumi. Ranar da ya sa ta ya daɗe yana juya hannunsa yana kallo.

"Yaya?"

"Kamar a cikin bargo, Tagata!"

Na yarda. Ko da na riƙa hango shi yana durƙusawa gefen babur, yana dafa inji kafin ya ƙaraso taga, sai na ce a raina mutumin nan akwai kula da abin hawansa.

A gida kuwa, babur ba kalmar da ake faɗa da ƙarfi ba ce.

Baba bakaniken babur ne na shekara da shekaru, amma tun kafin a haife ni rabonsa da hawa. Wata safiyar sanyi ya faɗi da Mama a bayansa. Shi yatsunsa biyu na dama suka sandare, ita kuma har gobe tana ɗingishi. Abin da na sani ke nan, don ba mai ba da labarin. Rigar fatar da yake hawa da ita tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa, yana shafa mata mai duk shekara amma ba ya sawa. Ina yarinya nakan yi mamakin aljihunta guda biyu, don bakinsu baya yake kallo. Na taɓa tambayar Mama ko telan makaho ne, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fara ganin takardar da na zana hannun a cikin kwandon saƙata. Ita dai Gwaggo ido gare ta kamar na mai neman allura, kuma ta daɗe tana yi wa ɗanta kamun ƙafa a kaina.

"Wannan hannun ƙato na waye, 'yar nan?"

"Na wani abokin aiki ne, Gwaggo."

"Abokin aiki... To madalla. Yayanki dai motarsa har ɗumi take hurawa, ba ya buƙatar a saƙa masa komai."

Ɗan nata ba mugu ba ne. Sai dai in ya zauna hira da ni, motar ce ke yin rabin zancen.

Ba a kwana biyu ba Baba ya kira ni, yana goge sifana da tsumma, bai ko ɗago ba.

"An ce mai babur ne."

"Eh, Baba."

"Ki dubi ƙafar uwarki. Ni na yi mata haka. Muddin ina numfashi ba zan ɗora 'yata a bayan wani ba."

Ban yi musu ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, don ina son Baba, ina kuma son Ƙanƙara, ban ga yadda zan ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya ba.

Sai ga ranar Laraba. Bakwai ta yi, bakwai da rabi ta wuce, babu shi. Takwas da kwata ya iso yana ɗan jan ƙafa, wandonsa a yage a gwiwa, akwatin rungume a ƙirji.

"Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba," ya ce yana murmushi.

"Wa ya tambaye ka kwalba! Me ya same ka?"

"Wani mai tura kurar ruwa ne ya shigo hanya. Birkin ya ɗan makara, shi ke nan. Kwantar da hankalinki, masoyiya."

Tsautsayi ya sa ɗan Gwaggo ya kawo mini saƙo daidai lokacin. Kafin in tashi daga aiki labari ya isa gida, kuma a bakin Gwaggo har ya yi 'ya'ya: wai ina bayan babur ɗin aka faɗi, wai da ƙyar aka ciro mu.

Baba ya dubi gwiwoyina, ya ga lafiyarsu ƙalau.

"Ki ce masa ya zo ranar Asabar da safe."

Ya zo. Ni da Mama muna bayan labule, shi ya durƙusa a gaban Baba, safar tana hannunsa.

"Ciro wannan in gani."

Baba ya karɓa, ya kara ta a bakinsa ya hura, ya tara ɗaya hannun a bayanta.

"Iska tana ratsawa kamar rariya. Mayar. Dunƙule hannunka kamar ka riƙe babur."

Ya dunƙule. Daga inda nake na ga yadda zaren ya ɗame ya shaƙe yatsun.

"Ta matse maka jini, ga iska tana shiga. Wannan ai gara hannu tsirara. Ka san haka?"

Ƙanƙara ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake, yaro."

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ashe dafa injin nan da nake gani, hannunsa yake gasawa don kada biro ya tona masa asiri.

"To me ya hana ka faɗa mata?"

"Kwana tara ta yi tana saƙawa, Baba... ban so ranta ya ɓaci ba."

Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Sai muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ranar da na kayar da uwarta, sau biyu tana tambayata a hanya. Ta ce hannunka fa, ko mu tsaya? Na ce lafiya lau. Ban so ta ga gazawata ba. Da muka zo kwana na nemi birki, yatsuna suka ƙi amsawa." Ya ɗaga yatsun nan biyu. "Ba babur ne ya karya mata ƙafa ba, lafiya lau ɗin nan ce. Kai ma irina ne. Tashi ka tafi."

Na waiga. Mama tana share ido da bakin mayafinta.

Ranar Litinin ban tura masa shayi ba.

"Tagata..."

"Kada ka kira ni haka! Da ka mutu a titi, da ni na saƙa maka ajalinka ina murna!"

Ya zaro safar daga aljihu ya ajiye a gabana.

"Ba ta da ɗumi. Tana matse ni, ƙaramin yatsana ba ya ji tun kafin in kai asibiti na biyu. Kalar ce kawai ta yi mini kyau."

Ban taɓa jin an kushe aikina ya yi mini daɗi irin na ranar ba.

Da yamma na zauna a ƙofar shagon Baba da ke jikin gidanmu ina warware saƙar. Na shimfiɗa takardar nan ta awo ina kallo, na ƙi tashi. Ya wuce ni sau uku. A na huɗu ya kasa haƙuri.

"Ba a auna hannun mai babur a shimfiɗe," ya ce, yana kallon wani wuri. "A dunƙule ake aunawa, a kan ƙarfe. A bar wa yatsa wurin numfashi. Ulu a ciki, fata a waje, bakin kuma ya haura wuyan hannu ya rufe hannun riga."

"Na gode, Baba."

"Ni ban ce miki komai ba."

Sau uku ina ɗinkawa ina farkewa. Kowace safiya Ƙanƙara yana kawo mini rahoto tare da kwalabe, ba ragi ba ƙari.

"Babban yatsan hagu yana shan iska."

"Yau ɗinkin yana cizona a nan."

"Yau kam sai da na kai gada kafin in ji sanyi, zuciyata."

Ni kuma da yamma in faɗa wa Mama da ƙarfi, yadda na tabbata maganar za ta kai shago.

Mama ce ta roƙa masa zuwa na biyu. Abin da ta faɗa wa Baba ban sani ba, na dai ji ya ce, "Ƙarfe takwas. Kada ya wuce."

Ranar aka tashi da sanyin da ba a yi irinsa ba duk shekarar. Gwaggo ta zo tun da wuri ta shimfiɗa kanta a falo, wai gaisuwa ta kawo.

Takwas ta yi.

Takwas da minti goma.

"Oho!" in ji Gwaggo. "Ranar neman aure ma ya makara, ina ga an ba shi? Yaya, ai ka ga irin mutumin da idonka."

Ni kuwa ina ta hango Ƙanƙara kwance a kwana.

Takwas da ashirin da biyar muka ji ƙarar babur.

Ya yi sallama ya durƙusa, hancinsa ya yi ja.

"Ka makara," in ji Baba.

"Na makara, Baba, a yi mini afuwa. Sau biyu na tsaya a hanya. Safar ta yi kyau, amma iskar yau ta fi ƙarfinta. Da na ji yatsuna sun fara daina ji, sai na sauka na gasa su a inji har suka dawo."

"Ka san ni nake jiranka?"

"Na sani. Na ga gara in zo a makare ka kore ni."

Gwaggo ta buɗe baki. Baba ya ɗaga mata hannu, ya miƙe ya shiga ɗakinsa. Muka ji ƙarar ƙusa.

Ya fito da rigar fatar a kafaɗa.

"Gwada."

Ta zauna masa kamar don shi aka yanka. Ya shafa ƙirjin, ya laluba zai sa hannu a aljihu, hannun ya ƙi shiga. Ya karkata, ya murɗa gwiwar hannu, ya sake gwadawa.

"Baba, aljihun nan kamar baya suke kallo..."

Mama ta yaye labule, tana dariya hawaye na zuba.

"Ni na ɗinka su, ɗana. Ba don mai tuƙi aka yi su ba."

Ya tsaya. Ya kalli aljihun, ya kalli Mama, sannan a hankali ya juyo ya kalle ni. Na rufe fuska da tafin hannu na ruga ɗaki, ina jin Gwaggo tana neman takalmanta, Baba kuma yana cewa, "Ka turo manyanka."

Kafin sanyin ya ƙare aka ɗaura mana aure.

Safiyar farko da zan koma aiki, na hau bayansa na zura hannuwana cikin aljihun nan biyu. Shafin ulun da Mama ta sa tun kafin a haife ni yana nan da laushinsa. Baba yana tsaye a ƙofar shago lokacin da muka wuce, ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwatin sifana.

Mun kusa gada na matso kusa da kunnensa.

"Ƙanƙara, hannunka fa?"

"Na dama ya fara sanyi, Tagata."

"To mu tsaya."

Muka tsaya.