Ranar da Bibi Ta Zo ta Sama

A layinmu a Dar es Salaam akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Kome ka tambaye ta sai ta ce, "Ai na sani!"

Kakarta, Bibi Nyanzala, a Mwanza take zaune. Duk shekara a bas take zuwa. Ta taso da asuba, sai washegari ta iso da kumburarrun ƙafafu.

Wata Asabar, Mama na shagonta na ɗinki, ta bar wa yarinyar waya a gida. Ƙarfe tara sai ga kiran Kawu Shija daga Mwanza.

"'Yata, bana a jirgin sama na sa Bibi. Yanzu za su tashi, kuma ba ta da waya. Maza ki faɗa wa mamanki ta je tarbarta."

"To, Kawu."

"Kin gane ko?"

"Ai na sani!"

Ta ajiye wayar a ɗaki, ta ce a ranta, "Mwanza fa! Ko jirgi ne, sai dare." Ta fita tsallen igiya.

Da azahar Mama ta dawo cin abinci. Yarinyar ta ce, "Af, Mama, Bibi na hanya a jirgi. Tun tara suka tashi."

Cokali ya faɗi daga hannun Mama.

"Tun tara? Ke! Awa ɗaya da rabi ce fa tafiyar!"

"Duk nisan nan?"

"Bas na bin kwana-kwana, yana tsayawa gari-gari. Jirgi miƙewa yake yi. Sa takalminki!"

Ni direban bajaji ne, keken haya mai ƙafa uku, kuma nawa suka hau zuwa filin jirgi. Duk Dar babu mai ratsa cunkoso kamar ni, amma ranar yarinyar sai ce mini take, "Kawu, ƙara gudu mana!" Hawaye na zuba.

Mun tarar da Bibi ita kaɗai a kan benci. Ta rungume bokitin soyayyen kifi, tana duban fuskar duk wanda ya shigo.

Yarinyar ta durƙusa a gabanta.

"Bibi, laifina ne. Ni na riƙe saƙon. Ki yafe mini."

Bibi ta ɗago ta, ta share mata fuska da gefen zaninta.

"Na ɗan ji tsoro, ƙawata. Na ɗauka kun manta da ni. Amma ni da nake kwana a bas don in gan ki, mene ne awa uku a bencin da ba ya girgiza?"

Ta buɗe bokitin, ta miƙa mata kifi mafi girma.

A hanyar gida yarinyar ta kwanta a kafaɗarta.

"Bibi, yaya gajimare yake daga sama?"

"Au, ba ki sani ba?"

"Ban sani ba. Faɗa mini."

Tun daga ranar, in aka ba ta saƙo, nan take take kai shi. Abin da ba ta sani ba kuwa, sai ta tambaya.