Ƙarfen Awo a Rijiyar Tchima

Ranar Talata, 12 ga Mayu 1992, gari ya waye da zafi a Gangara, ko ganye ba ya motsi. Shekara biyu ke nan da wani buro, ofishin kula da ruwa na Maraɗi, ya raba wa masu rijiya igiya mai guntun ƙarfe a baki, su riƙa auna ruwa kowace Talata suna rubutawa. Tchima, malamar lakol, wato makarantar boko, ba ta taɓa fashi ba. Ran nan taro ya tsare ta a Gazawa. Gudun kada layin ranar a takardar awo ya zauna fayau, ta zura ƙarfen ana kiran magariba, ko bisimilla babu.

Igiyar ta dawo a yanke.

Tun daga ranar, rana na faɗuwa sai duwatsu su kama zuba bisa rufi. A kwana na uku 'yarta Rufaida ta zauna bakin rijiya tana ƙirga da muryar tsoho. Rabo, mijin Tchima, ya rantse in Juma'a ta zo yarinyar ba ta warke ba, zai cike rijiyar da gida shida ke sha.

Malam Jibrilla ya zo daga Gidan Rumji. Ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa ta bakin Rufaida. Aljanin rijiyar ne, ya ce ƙarfe ya fasa kan jikansa a lokacin fitarsu.

"Kamu bakwai na sauka da iyalina, ina bin ruwan da ke ja da baya. Ke mai rubutu, wa ya taɓa karanta abin da kike rubutawa?"

Tchima ta ji fushi ya danne tsoronta. Takardun suna cikin akwati, ba wanda ya zo karɓa tun da gwamnati ta sauya.

"Babu," ta ce.

Aljanin ya nemi a bar awo har abada. Tchima ta ƙi, Rabo na harararta. Malam ya shiga tsakani: a sa dutse maimakon ƙarfe, a auna da hantsi, a yi sallama. Muryar ta ƙara sharaɗi, a kai kukansu inda ake jin kuka. Rufaida ta yi atishawa, ta nemi ruwan sha.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Tchima ta kwafe awon shekara biyu, ta rubuta wa shugaban buron wasiƙa babu gaisuwa kan ruwan da ke ja da baya, ta kai gidan waya na Gazawa. Ma'aikacin ya juya ambulan, ya tambayi abin da ya jiƙa shi har yake warin ruwan rijiya.

"Buga hatimi kawai," ta ce.