Rigar da Tela Ya Ɗinka wa Mijin Matarsa

Tela yana durƙushe a falo yana yankan yadi, yayarsa kuma ta baje a kujera ta ƙure sautin talabijin. Matarsa ce ake nunawa a ciki. Ta daɗe tana rubuta wasan barkwanci tana kuma fitowa a cikinsa, har mutane suka manta sunanta, Uwar Tsiwa kawai suke kiranta. A bana ne aka ba ta masoyi a wasan, wani zanƙalelen ɗan wasa da ake ce wa Dogo.

"Dubi irin kallon da take yi masa," in ji Yaya. "Kai yaushe rabon da a kalle ka haka?"

Tela ya ce ai wasa ne. Yaya ta ce wasa ba ya sa idon mace ya yi laushi, ita ma ta yi aure ta sani. Kuma wa ke rubuta labarin? Da hannunta take zaɓar kalaman da za ta faɗa wa ƙato. Ta ƙara da cewa yanzu a layinsu in an ce mijin Uwar Tsiwa sai an tambaya wanne. Ko dai ta ajiye wasan nan, ko ita Yaya ta kai maganar gaban Baba a raba auren kowa ya huta.

Maganar "wanne" ita ta tsaya wa Tela a rai.

Da yamma matar ta shigo da farin yadi a hammata tana fara'a. Ta ce za a ɗauki bikinsu da Dogo a wasan, kuma ta sha fama kafin darakta ya yarda mijinta ya ɗinka rigar ango. "Na ce masu a ɗinki ba ka da na biyu."

Dogo ya zo aka auna shi. Tela ya dubi faɗin kafaɗar nan, zuciyarsa ta yi baƙi. Da ya zo yanka sai ya ci awon ta hammata, ya sa zare mai rauni a baya.

Ranar ɗaukar bikin matar ta dawo gida ba fara'a. Ta ce Dogo ya sunkuya zai ɗauko mata takalmi, rigar ta yage tun daga wuya har ƙugu. Darakta ya fusata ya ce wadda ta kawo telan ta tattara ta bi shi. Ita kuwa ta ce kada a kashe kyamara, ta juya ta wanke Dogo tas, wai angon rowa ne da ya aro rigar ƙanensa. Dariya ta hana mai kyamara tsayuwa, darakta ya huce ya ce a bar shi haka. Sai dai wajen nan za a yi ta maimaita shi ta kowane ɓangare, kowace yagewa kuma sai an ɗinke, don haka gobe ana neman tela a wurin.

Sai hawaye suka zubo mata. "Maigida, tun da na aure ka ban taɓa ganin ka yi kuskuren awo ba."

Ta share hawayenta. Ta kawo masa abincinsa kamar kullum, shi kuwa ya kasa ci.

Washegari a wurin ɗaukar wasan ya zauna a lungu da allura, cikin zafin fitilu da tarin wayoyi. Nan ya ga soyayyar da ta hana shi sukuni. Magana ɗaya a yi ta nanata ta har ta gundiri kowa. Da an ce a dakata, Dogo ya dafe ƙugu yana kukan ciwon baya, ya koma gefe yana ba matarsa haƙuri a waya. Da aka zo ɗaukar kallon nan mai laushi, Dogo ma ba ya wajen, yana tsaye da singileti a kan Tela yana jiran riga. Wani ɗan ƙyalle da aka manna a jikin kyamara Uwar Tsiwa take kallo.

Can darakta ya zo ya dafa shi. Ya ce Uwar Tsiwa ta gaya masa yagewar rigar dabararsu ce su biyu, kuma telan da ya iya ɗinka riga ta yage daidai inda ake so ba na yarwa ba ne. Daga yau kayan wasan duka a hannunsa. Tela ya sunkuyar da kai, allura ta soke shi bai ji ba.

Sun dawo gida suka tarar da Yaya ta yafa mayafi, wai su tashi a je wurin Baba. Tela ya rusuna ya gaishe ta.

"Yaya, in mun je ni za a tuhuma. Na nemi tona mata asiri a gaban jama'a, ita ta rufa nawa. Ba za ta bar wasa ba, ni kuma ba zan bar ta ba."

Yaya ta nemi takalmanta. Matar ce ma ta raka ta har bakin titi, ta riƙe mata jaka.

To, ku masu tasowa, ku ji da kyau. Kishin da aka ɗora maka daga waje, kai zai fara kunyatawa. Macen da ta gane laifinka ta rufe, ta bar ka ka gani da idonka, ba tsoronka take ji ba. Sonka take yi, kuma ba a samun irinta sau biyu.